Takabata da littattafan Malam

A cikin birnin Zariya aka haife ni, a wani tsohon gida da ke kusa da Babban Dodo. Mahaifina ɗinkin manyan riguna yake yi, bai taɓa zama a aji ba, amma shi ya tsaya kai da fata sai da na wuce firamare a lokacin da ake cire sa'o'ina ana yi musu aure. Na yi karatun malanta, na fara koyarwa. Aurena na fari bai yi ƙarko ba, kuma dalilin ɗaya ne, Allah bai ba ni haihuwa ba. Ba zan tsaya a kan wannan ba. Duk macen da ta ɗanɗana ta san irin maganganun da ake yaɓa mata.

Malam ya aure ni bayan rasuwar uwargidansa. Malamin sakandare ne, Hausa da tarihi yake koyarwa, kuma ya girme ni sosai. Na tarar 'ya'yansa sun tasa, sai autarsu da ko makaranta ba ta shiga ba. Ita na goya, na yi wa kitso, na raka makaranta, har yau kuma Umma take ce mini. A gidan nan na Tudun Jukun akwai ɗaki guda da ba mai kwana a cikinsa sai littattafai. In albashi ya shigo, kafin a auno masara Malam ya riga ya biya ta Tudun Wada ko wajen masu baza tsofaffin littattafai a Samaru. Mun sha yin cacar baki a kan haka. Yakan yi dariya ya ce, "Malama, garin Gaskiya Ta Fi Kwabo muke fa. In ban saya ba wa zai saya?" Yana da wata ɗabi'a, duk littafin da ya karanta sai ya ɗauki fensir ya rubuta a cikin bangon baya abin da ya ja hankalinsa, da lambar shafin a gefe. A lokacin ban ɗauki abin a bakin komai ba.

Ciwon ƙoda ne ya kwantar da shi bayan ya yi ritaya. Wankin ƙoda ya cinye filinsa, ya cinye babur ɗinsa, ya cinye 'yan kunnena na gwal. Da aka zo kan littattafai ya ce ko guda ba za a taɓa ba. Ban yi musu ba, don na san ko an sayar ba za su kai mu ko'ina ba. Ya cika da asuba, kansa a kan cinyata. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Wata huɗu da kwana goma a baki ba su da yawa. Bayan sadakar arba'in masu gaisuwa suka ɗauke ƙafa, gida ya yi tsit, barci ya ƙaurace mini. Na san ina fita takaba zan bar gidan, tunda ba ni da ɗa a cikinsa. Tumuni ne rabona, kuma ban taɓa jayayya da hukuncin Allah ba. Amma a ce tsakar gidan da na share shekara da shekaru, da bishiyar gwaibar da na dasa da hannuna, duk zan juya musu baya in koma ɗakin da na bari tun ina budurwa, wannan tunanin kaɗai yakan tashe ni zaune cikin dare. Akwai ranakun da ko wanka ba na iya yi sai Auta ta matsa mini.

Ana cikin haka yayan Malam ya zo da maganar rabon gado. An yi wa gida kuɗi, an yi wa katifu da kujeru kuɗi, da aka zo ɗakin littattafai sai wani ya ce a kira masu sayen takarda su auna a sikeli. Na san inda irin wannan takarda take ƙarewa, wajen mai ƙosai da mai tsire. Daga bayan labule na ce, "Yaya, a yi mini alfarma guda. A bar ni in rubuta sunayensu tukuna, sai a yi musu kuɗi ɗaya bayan ɗaya." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ke da za ki tashi, me ya dame ki da takardu?" Maganar ta soke ni, har yanzu ina jin ta. Amma dai ya ce in yi, kafin in fita takaba.

Na sayi babban littafin rajista irin na makaranta, na shiga ɗakin. Auta a lokacin tana karatu a Samaru, takan dawo ƙarshen mako. Ta leƙa abin da na rubuta ta ce, "Umma, ba bango ake kwafa ba. Buɗe ki ga." Ta nuna mini shafin farko na ciki, inda ake rubuta cikakken sunan littafi da na marubuci, sannan ta juya bayansa, inda ƙananan rubutu suke, waɗanda a rayuwata ban taɓa tsayawa na karanta ba. A nan shekarar bugu take, da garin, da kamfanin da ya wallafa, da ko bugu na nawa ne. Bango yakan gajarta suna, wani lokaci ma ya bar sunan mai fassara ko wanda ya tattara. Ta kuma raba mini abu biyu da nake haɗawa: kamfanin da ya wallafa daban, maɗaba'ar da ta buga daban. Da yawa cikin littattafan Malam za ka ga NNPC ce ta wallafa, ta littattafai nake nufi wadda aka kafa a nan Zariya a 1966, ba ta mai ba, a ƙasa kuma an rubuta maɗaba'ar kamfanin Gaskiya ce ta buga. Wanda ya wallafa shi ake rubutawa.

Wannan aikin ne ya fara dawo mini da barci. In na wuni ina kakkaɓe ƙura, ina juya shafuka, ina cin karo da rubutun hannun Malam, sai in kwanta a gajiye. Wani littafin in same shi da busasshen ganye a ciki, wani da rasit ɗin kantin da an daɗe da rushe shi. Wata rana na yi kuka sosai a kan wani ɗan littafin nahawu, don a bangonsa ya rubuta lissafin kuɗin sadakina.

Wani dare na ga Auta tana ta danne-danne a kwamfutarta, littafin babanta a buɗe a gefe. Ta ce muƙala take gyarawa a Wikipedia ta Hausa, insakulofidiyar da kowa zai iya sa hannu a cikinta kyauta. Ta ce babbar matsalarsu muƙaloli da yawa fassara ce, manazartarsu duk ta waje, alhali ga littattafan da aka rubuta a kanmu da harshenmu suna shan ƙura a ɗakuna irin wannan. Ta buɗe mini asusu a wayata. Na ce mata ni da ke takaba ina ni ina intanet. Ta ce, "Umma, ai ba fita za ki yi ba."

Abin da na fara rubutawa magana ce da na sha ji a bakin Malam, cewa ofishin fassara da ya zama tushen aikin Gaskiya a Katsina aka fara kafa shi a 1929, daga baya aka dawo da shi Zariya. Na rubuta, na ji daɗi. Kwana kaɗan na koma sai na tarar wani ya liƙa wa jimlar tawa 'yar alama: ana buƙatar hujja. Jama'a, ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. A zuciyata an ƙaryata mijina ne, mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana koyar da wannan abin, ga shi ko wata uku bai yi a ƙasa ba. Na ce wa Auta ta goge asusun.

Ba ta goge ba. Ta zauna kusa da ni ta ce, "Umma, wanda ya sa alamar nan bai san Baba ba, bai san ki ba. Mai karatu a Maraɗi ko a Kumasi shi ma bai san ku ba. Ko hadisi ai sai an ce wa ya ruwaito, a wane littafi, a wane babi. Baba da kansa in ɗalibi ya kawo masa magana, me yake fara tambaya?" Na san amsar, domin na sha jin ta daga zaure: a ina ka gani?

Washegari na shiga bin bangunan baya ɗaya bayan ɗaya. A cikin Hausa a Rubuce na Ibrahim Yaro Yahaya, bugun NNPC na 1988, na ga fensirin Malam ya rubuta maganar ofishin fassara da lambar shafi. Na buɗe, ga ta nan. Auta ta nuna mini maɓallin sa manazarta, na zaɓi littafi, na cike gurabun da hannuna: marubuci, sunan littafi, shekara, gari, kamfani, shafi. Na cire alamar. Ba wanda ya sake cewa uffan. Tun daga ranar na fahimci lambar shafi ita ce rabin aikin. Ka ce magana tana cikin littafi mai shafi ɗari uku ba ka faɗi inda take ba, ka dai kori mai tambaya ne cikin ladabi.

Daga nan rajistata ta zama aiki biyu, na gado da na Wikipedia, kuma a nan na koyi sauran abubuwan da yanzu nake koya wa wasu.

Maganar ISBN ta ɗan wahalar da ni. Lamba ce da ake ba kowane bugu na littafi don a gane shi a ko'ina a duniya, a Najeriya kuma Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ne ke bayar da ita. An fara ta a 1970 da lambobi goma, daga farkon 2007 aka mayar da ita goma sha uku, aka ƙara 978 a gaba. Inda gizo ke saƙar shi ne lambar Najeriya ita ma 978 ce. Saboda haka sabon littafin Najeriya zai fara da 978 sau biyu, sai wani ya ɗauka kuskuren maɗaba'a ne ya goge ɗaya. Tsohon kuma mai lambobi goma zai fara da 978 sau ɗaya, sai wani ya ɗauka uku sun ɓace. Duka biyun daidai suke, a kwafe su yadda aka gan su. Lambar ƙarshe daga sauran ake lissafa ta don tantancewa, shi ya sa a tsohon tsari wani lokaci za ka ga harafin X a wurin, yana nufin goma, kuma shi ya sa in hannunka ya goce a lamba ɗaya a Wikipedia gargaɗi yake fitowa. In ka zuba ISBN a akwatin Wikipedia da ke cike bayanan littafi da kansa, na Turawa yakan kawo komai nan take. Namu na gida sau da yawa sai ya dawo hannu rabbana, dole ka cike da kanka. Ko ya kawo ma ina gwadawa da littafin da ke hannuna, don na sha ganin ya kawo shekarar wani bugun daban.

Wannan maganar bugu ita ce ta fi cin mutane. Ɗauki Ruwan Bagaja na Abubakar Imam. Ya fito daga gasar da aka shirya a 1933, aka buga shi a 1934, amma kwafin da ke ɗakin Malam na NNPC ne, kamfanin da ba a ma kafa ba sai bayan shekara talatin da biyu. In na rubuta 1934 na haɗa da NNPC da lambar shafin kwafina, na haɗa abin da bai taɓa wanzuwa ba. Abin da ake yi shi ne a rubuta bugun da ke hannu, shekarar asali kuma akwai gurbinta daban. In an sake buga littafi ba a canza komai ba, lambarsa ba ta canzawa, shafuka ma yawanci suna nan. In an yi masa gyara ko ƙari, sabuwar lamba ake ba shi, shafuka kuma su motsa. Waɗanda suka girmi ISBN ba a ƙaƙaba musu ta wani bugun. Nakan neme su a WorldCat, kundin intanet da ke tara sunayen littattafan ɗakunan karatu na duniya, in suna nan in ɗauki lambar da kundin ya ba su, wato lambar OCLC, in babu in bar su da suna da shekara da gari da kamfani, sun wadatar.

Na Larabci nasu salon daban ne. Littafi ɗaya sai ka same shi bugun Alƙahira da bugun Beirut, juzu'ai ba su zo ɗaya ba, shafuka ba su zo ɗaya ba, don haka dole a faɗi juzu'i, a faɗi wanda ya yi tahƙiƙi, wato wanda ya tace littafin ya shirya shi don bugu. Shekarar Hijira kuma ba a yi mata gaggawa, don takan hau shekara biyu ta Miladiyya. Shekarar 1400 ta fara a ƙarshen 1979 ta ƙare a ƙarshen 1980. Ni dai abin da aka buga nake rubutawa.

Akwai wata ɗabi'ar da ba na so ko kaɗan, kuma ta yi yawa har a cikin masu digiri. Mutum ya karanta magana a littafin wani, wanda shi kuma ya ɗauko daga wani tsohon littafi, sai ya tsallake wanda ya karanta ya rubuta tsohon, wai don a ga ya yi zurfi. In na farkon ya yi kuskuren kwafa fa? Abin da idona ya gani shi nake ambata, in ya so in ƙara da cewa shi kuma daga wane ya ɗauko. Haka nan littafin da mutane da yawa suka rubuta babi-babi, mai babin ake fara ambata, sannan editan.

Malam yana da littattafai da dama a kan Zazzau, kuma a nan na ga amfanin abin da kyau. Tarihin Kano da Palmer ya fassara a 1908 ya ambaci Sarauniya Amina a zamanin Sarkin Kano Dauda, wato ƙarni na 15. Wasu marubutan sun kai ta ƙarni na 16. A matsayina na Bazazzagiya ina da wanda raina ya fi kwanciya da shi, amma muƙala ba wurin raina ba ne. Sai in rubuta wane ya ce kaza, ga littafi ga shafi, wane kuma ya ce kaza, ga nasa. Mai karatu ya san akwai saɓani, ya san inda zai je.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne wani gafaka da na samu a ƙasan akwati, cike da takardun ajami na kakan Malam, waƙoƙin wa'azi da wasiƙu, wasu da ramzin shekara, wato shekarar da aka rubuta da haruffa, a ƙarshensu. A wurina sun fi duk abin da ke ɗakin daraja, amma ba zan iya kafa hujja da su a Wikipedia ba, saboda ba a wallafa su ba, ba kuma wanda zai iya zuwa ya duba. Na yi fushi da wannan ƙa'ida kwana biyu, daga baya na ga gaskiyarta. In aka buɗe wannan ƙofa, kowa zai ce akwai wata takarda a akwatin kakansa. Na ba babban ɗan Malam shawara a kai su inda ake adana irinsu a ba su lamba, kamar Arewa House a Kaduna. Ya ce zai yi tunani. Suna hannunsa.

Kafin in fita takaba na gama rajistar. Aka zauna, aka yi wa littattafan kuɗi ɗaya bayan ɗaya, kuma jimillar ta ba Yaya mamaki. Na ce a ba ni tumunina na kayan ɗaki a littattafai. 'Yan uwana sun ce na haukace, mace mai komawa gida ba ta ɗauki katifa ba ta ɗauki takarda. Sauran aka raba wa 'ya'ya. Wasu sun adana nasu, wani ya sayar da nasa a mako guda, ban ce masa komai ba, haƙƙinsa ne. Ranar da na tashi a-kori-kura ɗaya ta kwashe ni da kwalayena zuwa cikin birni. Auta ta rako ni, muka shiga ta Ƙofar Doka ba mai ce wa wani ƙala.

Shekarar farko a gida ta yi mini nauyi, ba zan ɓoye ba. Ɗakin ƙarami ne, damina ta zo rufin ya yi yoyo, gara ta ci mini bangunan wasu littattafai kafin in farga. Rajistar ce ta cece su, don duk bayanansu suna ciki. Guda ɗaya ne, wanda tun a hannun Malam ba shi da bango ba shi da shafin farko, sai da Auta ta kai ni ɗakin karatu na Kashim Ibrahim da ke Jami'ar Ahmadu Bello muka yi ta gwada shi da na kan kanta, shafi da shafi, har muka gane ko wane bugu ne.

Yanzu na koma aji, Auta ta yi aure tana Kaduna. Da dare in na gama duba aikin yara sai in ɗauki waya in gyara muƙala ɗaya ko biyu, yawanci ba ma sabon rubutu nake yi ba, jimlolin da aka liƙa wa alamar nan nake bi ina nema musu hujja. Ni ma ina liƙa ta, amma nakan bar wa mai rubutun 'yar gaisuwa a shafinsa na tattaunawa, in gaya masa abin da ake nema, don ban san halin da yake ciki ba.

Kwanan baya Yaya ya aiko jikansa. Wai sun yi gardama a majalisarsu a kan shekarar da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa, shi ya dage tare aka kafa ta da kamfanin Gaskiya. Na rubuta wa yaron a takarda cewa jaridar ta fara a Janairun 1939, kamfanin kuwa sai 1945, na sa sunan littafi da shafi, na ce ya gaishe shi. Da yamma yaron ya dawo ya ce Alhaji ya ce bai yarda ba, zai zo ya gani da idonsa. Na ce ya zo, littafin yana nan, amma a gaya masa ba na ba da aro.